Butar Sito

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a ƙasar waje, na iske ana ta maganar kare haƙƙin mata masu shayarwa: a ba su lokaci a wurin aiki, a ware musu wuri, a rubuta a doka. Ni ban ga dalili ba. Can inda na zauna, mace sai ta nemi lungu kafin ta ba ɗanta nono, dole su nemi doka. Mu kuwa a tashar Kwanar Dangora mace za ta ja mayafi ta shayar da ɗanta, ɗan kamasho na ihu a kanta, ba mai ko waiwayowa. Na ɗauka maganar aro ce, irin wadda ake zuwa da ita sau ɗaya a shekara da riguna masu rubutu, a yi jawabi a watse. Ba zan ce shakkar ta gama barina ba. Amma na yi kwana uku ina zama da wata mata mai suna Turai a gindin ɗorawa, ga kuma abin da na kwaso.

Turai haifaffiyar wani ƙauye ce a bayan Kiru. Aure ya kawo ta Kwanar Dangora gidan Ɗayyabu, manomi da damina, ɗan dako da rani. Ta haifi maza biyu, sannan mace, aka sa mata Raihana. Raihana tana da wata uku Ɗayyabu ya faɗo daga saman motar rake, ƙugu ya goce, aka kwantar da shi wurin mai ɗori. Masarar da ke rumbu ba za ta kai su damina ba. Turai ba ta taɓa aikin waje ba, amma ta goya 'yarta, ta bi maƙwabciyarta Zubaida zuwa sito.

Siton dogon gini ne mai rufin kwano a bakin titin Zariya. Riɗi ake tarawa a ciki, a gyara shi, manyan motoci su kwashe zuwa bakin teku. Mata kusan arba'in ke zama layi-layi a ƙasa, kowa da faifai da rariya, suna bakace, suna tsince tsakuwa da kara da kashin ɓera. Mai kula da su sunansa Ɗantani, dogon mutum mai siririyar murya. Yana da agogon hannu da yake ƙwanƙwasawa da farce in zai yi magana. Ranar farko ya tare Turai a ƙofa.

"Wannan kayan na bayanki fa?"

"'Yata ce, Manaja. Ba ta da rigima."

"Ko waliyyiya ce ba ta shiga. Masu sayen riɗin nan, in suka ji zarnin fitsari a buhu ɗaya, mota guda za su dawo mana da ita. Ga ɗorawa can bayan sito, ajiye ta inda ake ajiye su."

A gindin ɗorawar akwai tabarmi biyu da wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, idonta ɗaya ya mutu, ita ke kore wa jarirai ƙuda da awaki. Goma sha ɗaya Turai ta samu kwance. Ta shimfiɗa zani, ta ajiye ta goma sha biyu.

Ƙa'idar Ɗantani ba ta da yawa. Ƙarfe takwas a rufe ƙofa, ba a buɗewa sai azahar. A yi salla, a sake rufewa sai biyar. Wadda fitsari ya matsa, akwai buta guda ɗaya, shuɗiya ta roba wadda wuta ta lashi bakinta, a rataye jikin ƙusa kusa da ƙofa. Mai buta a hannu ita kaɗai ke fita, kuma ba mai tashi sai butar ta koma kan ƙusarta. Kowa sau ɗaya kafin azahar, sau ɗaya bayanta, minti biyar-biyar, yana kallon agogo.

Bangon baya kwano ne, ba ya tare sauti. Wajen ƙarfe goma sai kuka ya fara, wannan ya ta da wancan. Kowace uwa ta san muryar nata. Turai tana tsinta sai ta ji Raihana ta callara, nono ya kawo, riga ta jiƙe har zani. Ta riga ta yi fitarta ta safe tun tara. Saura awa uku a buɗe ƙofa.

"Ku ja ƙirjinku daga kan faifai," in ji Ɗantani yana zagayawa. "Riɗi na ce ku gyara, ban ce ku dama min fura ba."

Masu ɗinkin buhu suka kwashe da dariya.

Zubaida ce ta kawo dabara, suna alwalar azahar. "Mu goma sha biyu ne masu goyo. Mu jera fitarmu. Duk wadda ta riƙe buta ta ɗauki wanda ya fi kuka, nata ne ko ba nata ba. Ba za a yi rabin awa babu nono a gindin ɗorawa ba."

Wata dattijuwa cikin masu tsinta ta riƙe haɓa. "Ku 'yan nan, kun san abin da kuke ƙullawa? 'Yan uwan nono za su tashi fa. Ba aure tsakaninsu."

"Na ji a wa'azi, Iya," in ji Zubaida, "sai an ƙoshi sau biyar yake haramtawa. Kowa ta riƙe nata a ka, kar ta ba ɗan wata fiye da sau huɗu. Ballantana minti biyar ɗin Ɗantani, wa ya taɓa ƙosarwa?"

Aka yi dariya, aka amince. Makon farko sun ƙirga. Turai har ƙulli take yi a gefen zani. Mako na biyu ƙullin ya yi yawa, ta rasa wanne ne na wa. Daga nan ba wadda ta sake ƙirgawa.

Cikin jariran akwai wani namiji ɗan wata bakwai mai ƙarfin murya, yana da ɗan yatsa na shida a hannun hagu. Matan suka sa masa Cindo. Uwarsa Halima yarinya ce daga Badafi, matar wani direban motar siton. Shi ne ɗanta na fari, ga ta da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya yi kuka sai ta ƙara sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba, in layin buta ya zo kanta sai ta ce wata ta je. Hawaye na ɗiga a riɗi, amma ba za ta tashi a ce ta ruga wurin ɗan fari ba. Har aikin ya ƙare ba wanda ya ji sunan yankan yaron a siton.

Turai kuwa Allah ya ba ta nono. Takan zauna kan saiwar ɗorawa, ta ajiye butar a gabanta, Raihana a dama, Cindo a hagu. Yaron in yana sha sai ya ɗora hannun hagun a ƙirjinta, ɗan yatsan nan mai laushi, marar ƙashi, yana lilo yana taɓa ta. Wata biyu da rabi ana haka, kusan kullum.

Butar ce ta tona su. Ɗantani ya lura tana fita cike da ruwa tana dawowa cike. Wata Laraba ya bari Turai ta fita, ya ba ta minti biyu, ya zagaya baya. Bai yi faɗa a can ba. Ya ɗauki butar, ya ce ta taso yadda take. Ta shigo sito da jarirai biyu a hannu, riga a ɗage, tana ƙoƙarin jan mayafi da haɓa. Ya tsayar da ita gaban mata arba'in da masu ɗinkin buhu.

"Ku ga naggen sito," ya ce. "Ni na ɗauki mai tsinta, ashe saniyar tatsa na samu. Wannan taki ce, na sani. Namijin fa, na wace ce?"

Halima ta kafe ido a faifai.

"Ba shi da uwa ke nan? To ni na san ubansa, albarkacinsa uwar ta tsira. Ke kuwa ajiye shi ki kama hanya. Nufi rugagen Falgore, can ake neman irinki."

Kwana biyu bai mayar da butar kan ƙusa ba, don saura su ji a jikinsu.

Turai ta koma gida ta kama suyar awara da wankau. Ɗayyabu ya tashi da ɗingishi, bai sake ɗaukar buhu ba. Kakar riɗi ta wuce, matan sito suka watse, wasu Bebeji, wasu Tudun Wada, wasu har Doguwa. Zubaida ta koma Kiru. Ɗantani aka mayar da shi wani siton a Kano. Wata rana Turai ta ji an ce Halima ta rasu wajen haihuwa ta biyu. Ta yi mata addu'a, ta ci gaba da juya awara. Da wannan kaskon ta aurar da mazan biyu, ta kai Raihana ƙarshen sakandare, har yarinyar ta samu koyarwa a wata makarantar yara da ke bayan tasha.

A hanyar makarantar akwai rumfar wani makanikin injin ban-ruwa, Mujitaba, ɗan Tudun Wada. Yaro mai sanyin hali, hannunsa kullum baƙi da mai. Wata shida yana gaishe da Raihana kafin ya iya tambayar gidansu. Ita ma ta so shi, so na gaske, har ƙawayenta na tsokanarta da cewa ta fara ƙanshin baƙin mai. Ɗayyabu ya aika ƙanensa bincike. Aka dawo da labari mai daɗi: maraya ne, ɗan marigayi Malam Jibrin, kakarsa ta wajen uba ta raine shi tun yaye, baffansa Mamman ne waliyyinsa. An tambayi asalin uba, an tambayi sana'a da salla, an tambayi ko akwai wata cuta a dangi. Ba wanda ya tambayi inda uwarsa ta taɓa yin aikin wata uku.

Aka ɗaura aure, amma Turai ba ta taɓa yi masa kallon tsaf ba. Suruki ne. In ya zo gaisuwa yana tsugunne daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, ita tana bayan labule tana amsawa. In suka yi kiciɓis a hanya kowa sai ya sake lungu.

Shekara ta zagayo Raihana ta dawo gida haihuwa, ta sauka lafiya, mace. Ranar suna da hantsi maza suka cika tabarmi a ƙofar gidan Ɗayyabu. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, Aisha Humaira. Ana rabon goro da dabino. Cikin waɗanda suka biyo jama'ar masallaci akwai Ɗantani. Ya zama Alhaji, gemu ya yi fari, bai daɗe da barin aiki ya dawo gida ba. Ya juya wurin Mamman.

"Angon ƙarnin ɗan wa ne?"

"Ɗan yayana Jibrin ne, Alhaji. Ai ka san shi, ya ja motar sitonku."

"Jibrin direba? Mijin Halima 'yar Badafi?" Ya tafa hannu. "Ikon Allah! Kai yaro, matso in gan ka. Ka san saboda kai na kori matar gidan nan daga aiki? Da idona na kama ta a bayan sito, kai a hagu, 'yarta a dama, kuna ta zuƙa kamar tagwaye. Ashe tun can kuka saba!"

Ya yi dariya. Shi kaɗai ya yi ta. Liman ya ɗauko dabino zai kai baki, hannun ya tsaya a hanya.

Har yau Turai ta yarda ba da mugun nufi ya faɗa ba. Labari ne mai daɗi ya tuna, ya ga wurin ba da shi. Ta ce wannan ya fi mata ciwo.

Tana tsakar gida tana kwashe shinkafa Ɗayyabu ya shigo da sandarsa, ya ja ta gefe ya faɗa mata. An riga an yanka rago. Kafin azahar gidan ya watse, tukwane cike.

Mamman ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyi a wuyansa ba, ya kai magana gaban alƙali. Aka sa rana, kwana tara. Mujitaba ya koma kwana a rumfarsa. Mutane suka yi ta bayani a zaure: shaidar Alhaji shi kaɗai ba ta raba aure, Halima tana kabari, tsohuwa mai gyaɗa ta daɗe da rasuwa. Saura Zubaida da Turai.

Ana gobe za a shiga, da la'asar, Raihana ta sami uwarta a madafi. Jaririyar na kafaɗarta.

"Inna, shekara ashirin da uku fa. Wa zai ce dole kin tuna? Ki ce yaran da yawa ne, ba ki san wanne ne wanne ba."

"Da yawa ne kam."

"To ki tsaya a nan. Ba ƙarya kika yi ba."

Turai ta ci gaba da tura itace a murhu.

"Inna, ki dube ni. Ban taɓa roƙonki komai ba, ko kayan ɗaki abin da kika ba ni na karɓa. Ina son mijina. In ba ki duba ni ba ki dubi wannan, kwananta goma sha biyar a duniya."

"Na ji," in ji Turai. "Yaran da yawa ne. Haka zan ce."

Da wannan niyyar ta shiga kotu. Alhaji Ɗantani ya fara ba da shaida, da babbar riga, ya faɗi ranar, ya faɗi butar, har ya so ya maimaita maganar nagge alƙali ya tsayar da shi. Aka kira Zubaida, wadda aka ɗauko daga Kiru. Ta ce sun shayar wa juna, gaskiya ne, amma wa ta ba wa, ita kanta ya tsufa. Sannan alƙali ya juyo.

"Malama Turai, kin ji. Kin shayar da wannan yaron?"

"Allah ya gafarta Malam, yaran da yawa ne."

"Na ji suna da yawa. Wannan nake tambaya. Dube shi."

Ranar ce ta fara duban surukinta. Yana zaune a benci, ya dafe goshi da hannun hagu. Ya wanke hannun tas saboda zuwa kotu, babu mai ko ɗigo. A gefen ƙaramin yatsa akwai ɗan tabo baƙi, bai fi ƙwayar wake ba. Turai ta yaye autanta, ƙanen Raihana, shekara goma sha biyu da suka wuce, amma ta rantse a lokacin nononta na hagu ya yi tsam kamar zai kawo.

Ba wanda ya ga abin da ta gani. Da ta maimaita maganarta ta farko, da an tashi. Raihana na bayanta, tana jin numfashinta.

"Malam Mamman," in ji Turai, "yaron nan da yatsa shida aka haife shi?"

Mamman ya ɗago kai. "Haka ne. Kakarsa ta sa wanzami ya cire bayan yaye."

"Shi ne. Na ba shi."

"Sau nawa?" in ji alƙali.

Zubaida ta zabura daga inda take. "Bai kai biyar ba, Allah ya gafarta Malam! Mun yi ƙa'ida, ba mai wuce huɗu!"

"Zauna, Hajiya. Maganar biyar fatawar wasu malamai ce, ba da ita muke hukunci a nan ba. A wurinmu ko sau ɗaya ne, in ya kai ciki, ya haramta."

"Ya fi hamsin," in ji Turai.

Na tambaye ta daga baya abin da ya sa ta faɗa. Ta ce da ta yi shiru, duk ranar da 'yarta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ita ta san da wa ta shiga.

Alƙali ya raba auren a take. Ya ce jaririyar 'yar halak ce, tun da ba da sani aka yi ba, za ta zauna hannun uwarta, uban ya riƙa ciyarwa. Ya ce wa Mujitaba daga yau Raihana 'yar uwarsa ce, Turai uwarsa ce, yana iya shiga gidan duk lokacin da ya so. Sannan ya gode wa Alhaji Ɗantani da bai ɓoye shaida ba, ya ce da ana samun masu tsoron Allah irinsa da ɓarna ta ragu. Jama'a suka ce Allah ya saka masa da alheri.

Turai ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Allah ya gafarta Malam, shari'a ta tambaye ni sau nawa na ba shi. Ba za ta tambayi abin da ya hana uwarsa ba shi ba? Ga wanda ya rufe ƙofar nan zaune."

"Ba wannan ƙarar ce a gabana ba," in ji alƙali, ya jawo takarda ta gaba.

Mujitaba bai shiga gidan ba ko sau ɗaya. Ya kwashe kayan rumfarsa ya koma wajen Doguwa, abin da zai aiko wa Humaira ta hannun Mamman yake biyowa. A makarantar yara iyaye suka fara ƙus-ƙus, mai makarantar ya ce Raihana ta huta tukuna sai ƙura ta lafa. Bai sake kiranta ba. Bayan ta gama idda wani malamin firamare daga Bebeji ya aiko yana so. Uwarsa ta zo da kanta, ta zauna a tsakar gida, ta yi tambaya ɗaya.

"Ita yarinyar, nonon wa da wa ta sha?"

Turai ta fara lissafo su. Zubaida, da wata Bafulatana daga gefen Falgore, da wata mai tsagen kalangu 'yar Tudun Wada wadda ba ta san sunanta ba, da wasu biyu daga Bebeji.

"Daga Bebeji," in ji matar. Ta ɗauki mayafinta. "Ni ma na yi tsintar riɗi shekara biyu, ban tuna wace shekara ba. Ku gafarce mu."

Bayan fitarta Raihana ta tsaya a bakin madafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da kin bar shi ya yi ta kuka, Inna. Kuka kashe shi zai yi? Uwar da ta haife shi ma ba ta tashi ba, sai ke."

Tun ranar ba ta sake cin awarar uwarta ba.

Humaira na da wata biyar kakar riɗi ta kama. Ɗayyabu ya tsufa, aikin makaranta ya tafi, Raihana ta ce ba za ta zauna jiran saƙon Doguwa ba. Ta goya 'yarta ta nufi sito. Mai shi ya canza, an sa injin sheƙa, an yi wa ginin fenti. Tsintar hannu tana nan, ƙofa tana nan, ɗorawa tana nan. Butoci sun zama biyu.

Da za ta fara, ta yi wa uwarta magana mafi tsawo da ta yi mata a watannin nan.

"Ki zo ki zauna ki tsare ta. In wata ta sa mata nono a baki, ban yafe miki ba duniya da lahira."

A nan na sami Turai. Ta bar kaskonta, tana zaune kan saiwar nan da ta saba, da tsumagiyar dalbejiya a hannu. Jarirai tara ne bana. Ba jikarta kaɗai take tsarewa ba. Duk macen da ta fito da buta ta miƙa hannu ga ɗan da ba nata ba, sai ta ji tsumagiya a wuyan hannu. Matan sun sa mata 'yar sandan ɗorawa. A gabana wata yarinya ta fito, nata na barci, na maƙwabciyarta ya yi kuka har murya ta dushe. Ta sunkuya za ta ɗauke shi.

"Ajiye shi!"

"Haba Inna, ɗan tsotso kaɗan. Uwarsa ta riga ta yi fitarta."

"Na ce ajiye shi. Ta da naki ki ba shi, ko ki mayar musu da butarsu."

Yarinyar ta koma tana ƙunƙuni, riga a jiƙe. Yaron ya ci gaba.

A rana ta uku na karanta mata abin da na samo. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce ma'aikaciya mai shayarwa a ba ta rabin awa sau biyu a rana, cikin lokacin aiki, don ta shayar da ɗanta. Na kuma gaya mata abin da wani lauya ya ce min, cewa mai aikin yini wadda ba ta da ko takardar ɗauka, da wuya ta sami inda za ta kai kuka.

"Rabin awa," in ji ta. "Sau biyu." Ta juya tsumagiyar a hannu. "Da ko Halima ta tashi, in dai kowa ce ke tashi. Tun yaushe aka rubuta?"

"Tun kafin a haife ki."

Ta gyaɗa kai. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, biyar cikin taran suna kuka, Humaira a cikinsu. Ta bayan kwanon ina jin ƙarar injin da muryar sabon manaja. Na daure har na kasa.

"Inna, ba kya jin tausayinsu?"

"Ina ji mana, 'yar nan. Cindo ma tausayin ne ya sa na ɗauke shi." Ta kore ƙuda daga fuskar jikarta da bakin tsumagiyar. "Bar su su yi. Saura awa biyu a buɗe ƙofa."